Giyar da Illo Bai Sha Ba

Illo bawana ne. Uwarsa ƙanwar babana ce, ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara a Tahoua nake da izinin in faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi kuma ya haɗiye. Taubasantaka ke nan. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji ina ce masa sakarai ya ɗauka ƙiyayya ce. Duk faɗin Faransa ba ni da wanda ya kai shi a wurina.

Da zargi aka haife shi. Gwaggo takan ce ko nono sai da ya shinshina kafin ya kama. In baƙo ya miƙa mana alawa, mu mukan jefa baki mu ruga, shi ko sai ya tsaya yana jujjuya tasa, yana kallon baƙon, yana so ya san me ya sa aka ba shi ja aka ba ni ruwan ɗorawa. A lakkol, wato makaranta, kuwa ba a kama ƙafarsa. Ya tafi jami'a a Yamai ya karanta Ingilishi, ya samu tallafin karatu, ya sauka Lyon a shekarar 2004. Ni na biyo bayansa daga baya, na zauna Paris ina koyon aikin jinya, kuma har yau shi nake yi.

Ranar da ya fara zuwa ɗakina kusa da Porte de la Chapelle, na zuba masa shinkafa da wake na tambaye shi abin da yake karantawa.

Ya ce, "Tarihin Ingila. Shekara ɗari huɗu da suka wuce."

Na ce, "Kai, bawan Allah! Mutane na zuwa su zama likitoci da injiniyoyi, kai ka tsallake hamada da teku don ka karanta gulmar Turawan da suka riga suka zama ƙasa?"

Bai yi fushi ba. Ya aje cokali ya shiga ba ni labari, kuma tun daga ranar ban sake samun hutu ba. Wai wani sarkinsu, Henri na Takwas, ya so ya rabu da matarsa, Fafaroma ya ƙi yarda, sai ya ce to daga yau shi ne shugaban cocin ƙasarsa. Ya mutu, ɗansa ya hau, ya ƙara tsananta sabon tafarki. Ɗan ya mutu, yayarsa ta hau, ta mai da kowa tsohon tafarkin Katolika, har da ƙona mutane. Ita ma ta tafi, ƙanwarta Elizabet ta hau, ta sake juyawa. Talaka yana zaune a ƙauyensa bai je ko'ina ba, sai a wayi gari a ce addu'ar da ya yi bara ta zama laifi bana. A zamanin Elizabet ɗin doka ce kowa ya halarci cocin sarauniya ranar Lahadi, kuma masu lura da wanda bai zo ba maƙwabtanka ne, ba baƙi ba. Masu riƙe da tsohon tafarki wasu suka riƙa ɓoye limamansu cikin ramukan bango. Wasu suka gudo ƙetare, har da nan Paris, amma a cikinsu ma akwai masu kai rahoto gida, mutumin da kuke cin abinci kwano ɗaya.

Waɗanda Illo ya fi so, waɗanda ya rubuta kundin digirinsa a kansu, su ne masu zuwa cocin sarauniya da jikinsu su bar zuciyarsu a gida. Su zauna, su yi shiru, kowa ya gan su, su koma su kulle ƙofa su yi ibadarsu ta gaskiya.

"Su ne masu hankali, Zouera," in ji shi. "Wanda ya ƙi zuwa, an ci shi tara, an ɗaure shi. Wanda ya je ya nuna huskarsa, ya mutu bisa gadonsa, jikokinsa sun gaji gonarsa."

Na ce masa a garinmu wannan munafunci muke ce masa. Ya ce ai shi ya sa ban yi dogon karatu ba.

Ya gama a 2011. Aikin koyarwa a jami'a bai samu ba, sai ya dawo Paris, ya kama ɗaki a wani tsohon bene a Belleville, yana hawa jirgin ƙasa na RER kullum zuwa Sevran, inda yake koya wa yara Ingilishi. Gaskiya a faɗe ta ko da a kan bawa ne: mutumin kirki ne. Salla ba ta wuce shi. Ba ya shan komai sai shayi, ko warin giya ya ji a jirgin metro sai ya canza kujera. In ɗalibi sabon zuwa ya rasa wurin kwana, tabarmar Illo tana nan. Illarsa ɗaya, ba ya zama ya ba ƙofa baya, ba ya faɗin inda za shi, gaisuwar talho, wato waya, kuma ba ta wuce "lahiya lau, sai mun haɗu." Ko masallacin da yake zuwa Juma'a ban sani ba. Ya bar na unguwarsa saboda taro, ya samu wani ƙarami can nesa, ya ƙi gaya mini.

Mutum ɗaya ce ta san wannan masallaci, ita ce Hassia. Bamaraɗiya ce, tana aiki a wani kantin magani a Lyon, sun san juna tun yana ɗalibi. Mahaifinta ya rasu, tana hannun ƙaninsa, Alhaji Dodo, dattijon da ya yi ritaya ya zauna Villeurbanne, kusa da Lyon, da iyalinsa. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, amma in ta kalle ka sai ka ji ka gyara zama. Yadda aka yi Illo ya buɗe mata cikinsa, Allah kaɗai ya sani. Ya gaya mata komai, har abin da ni ban sani ba, kuma na ji haushin wannan, ba zan ɓoye ba. Burinsa ɗaya a duniya ya aure ta. Yana jira ne a tabbatar da shi a aiki, takardunsa na zama ɗan ƙasa su fito, sannan ya tura manya.

Sai ga harin da aka kai Paris a ƙarshen 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci. Wanda bai zauna nan a lokacin ba, ba zai gane ba. Soja a bakin tasha, ana bincike gidaje, kowa ya san wani da ya san wani da aka ɓalle wa ƙofa. Ni kaina in na ɗaura kallabi zan fita sai in tsaya gaban madubi ina shawara. A taron ƴan gida hira ta ragu, in wani sabo ya shigo sai ka ga an koma zancen sanyi da tsadar haya. Illo kuwa, kamar an ce masa ga littafinka ya tashi yana tafiya a titi.

Wajen watan Afrilu na 2016 ya zo mini ba sanarwa, wata Asabar da rana. Ya rufe ƙofa, ya ɗauki talhona ya kai kicin, ya dawo.

"Zouera, bina ake."

Na ce, "Wa zai bi ka? Mi gare ka?"

Ya ce mai kantin da ke ƙasan benensu, wani dattijo ɗan Tunusiya, shi ya ja shi gefe. Wani mutum ya zo, baƙar fata, dogo, da jaket ruwan ƙasa, yana Faransanci mai tsabta. Ya sayi ruwan kwalba ya tsaya hira, sai ya gangaro kan Illo. Yana salla? Yana shan giya? Su wa ke zuwa wurinsa? Mata na hawa? Yana faɗa da maƙwabta? Bayan wannan, Illo ya ga mai jaket ɗin da idonsa a bakin lakkol a Sevran, yana magana da mai gadi.

Amma wani abu ya tsaya mini. Na ce, "Tsaya. Ƴan sanda ina ruwansu da ko kana faɗa da maƙwabta? Waɗannan ai tambayoyin tsofaffi ne. Ko dai ka aika gidan su Hassia?"

Ya ce, "Tukuna. Ban tura kowa ba." Ya girgiza kai irin na malami da daƙiƙin ɗalibi. "Haka suke yi. Ba su tambayarka mi ka yi imani da shi, sai su tambayi maƙwabcinka ina kake ranar ibada. Kuma naka suke turowa, da ɗan gari akan ci gari. In suka sa mini alama, aiki ya tahi, takardu sun tahi. Da mi zan je gaban Alhaji Dodo?"

Shi ya yi shekaru yana karanta irin waɗannan mutane, ni allura na sani.

Juma'ar da ta biyo, yana sallame salla a ƙaramin masallacin nan nasa na ɓoye, sai ga mai jaket ruwan ƙasa a sahun baya. Illo bai tsaya addu'a ba, ya suri takalmansa. Daga ranar ya yanke shawarar zama irin mutanensa na Ingila.

Wayyo, abin da idona ya gani! Ya aske ɗan gemunsa tas, fuskarsa ta koma kamar ta yaron da aka kora daga lakkol. Ya daina zuwa masallaci. Ya naɗe dardumarsa ya tura bayan firij. In lokacin salla ya yi, sai ya ja labule, ya shige wani ɗan lungu tsakanin kabad da bango, inda ko ruku'u sai ya karkace. Na ce masa, "To, ga ramin limaminka ka samu." Bai yi dariya ba. Ranar Juma'a, daidai lokacin huɗuba, sai ya fito ya zauna a wata mashaya da ke bakin titin Belleville, kan kujerun waje inda kowa zai gan shi, ya sa a kawo masa giya. Ba ya sha. Yakan ɗaga gilashin ya kai kusa da baki, numfashi a riƙe, ya aje. In mai hidima ya juya, ya tsiyaya kaɗan cikin tukunyar furen da ke gefensa. Furen ma dai bai yi tsawon rai ba.

Da azumi ya kama abin ya ƙara lalacewa. Yana azuminsa cif, amma tun da sahur yake gatsar burodi ya aje. Da safe sai ya riƙe shi a hannu, gatsar tana waje, ya bi titi da shi har tasha. Wata rana mai jaket ɗin ya tare shi ido da ido, ya yi masa sallama, ya ce da Faransanci, "Ya ibada?" Illo ya ɗaga burodin ya ce shi waɗannan abubuwa ya bar su a ƙauye. Ya zo yana ba ni labari har da alfahari, wai mutumin ya yi tsaye baki buɗe.

Na ce, "Illo, ka ji tsoron Allah. Bakinka ya faɗi haka?"

Ya ce, "Baki ne kawai. Zuciya na nan."

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba wannan ba ne. Hassia ce. Ta kira ni tana tambaya ko lahiya, Illo ya daina ɗaukar talho, in ya ɗauka kalma biyu ya aje. Na same shi na tsare. Ya kalli taga, ya ce a hankali, "Mutum ɗaya ce ta san masallacin nan."

Na miƙe tsaye. "Kai, sakarai! Hassia? Hassiar da ta yi shekaru tana jiranka?"

"Ban ce da gangan ba. Wataƙila matsa mata aka yi. Kantin magani ne, hukuma na shiga tana hita. A Ingila mata sun ba da mazansu, ƴaƴa sun ba da iyayensu."

Na ce masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce masa in ya sake kawo mini zancen Ingila zan kwaɗa masa ludayi. Amma da ya tafi na zauna ni ma ina lissafi: to, in ba ita ba, wa? Haka zamanin yake, in zargi ya shiga ɗaki sai ya samu kujera a zuciyar kowa.

Bayan ƙaramar Salla Hassia ta sake kirana. Muryarta a daskare. "Yaya Zouera, Baba yana son ganin Illo. Ki zo tare da shi, ke ce tasa a nan."

Illo ya ce tarko ne. Na ce ko tarkon ne sai mun shiga, na sayi tikiti na ja shi zuwa tashar Gare de Lyon. A jirgi yana ta leƙen masu wucewa.

Alhaji Dodo ya karɓe mu a falonsa da farar riga, tsoho mai sanyin murya. Aka yi gaisuwa ta gaske, irin wadda aka daina yi a talho: ina hanya, ina gajiya, ina mutanen Paris, ina labarin Tahoua, ya aka ji da azumi. Da ya zo kan azumin, sai ya ɗan dakata yana kallon Illo. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Habibou, kawo shayin."

Labule ya ɗaga. Dogo, baƙi, ɗauke da faranti. Jaket ɗin ce kawai babu.

Illo ya zabura har gwiwarsa ta bugi tebur. Alhaji ya ce, "Zauna, ɗana. Wanga surukina ne, mijin yayar Hassia. Bazabarme ne, Hausarsa ba ta nuna ba, shi ya sa yake Faransanci. Aiki ya kai shi Paris bara." Ya kurɓi shayi. "Ɗiyata ta zo ta ce mini akwai wanda zai turo bayan Salla. Ni kuwa amana ce a hannuna. Ko a gida, ba a ba da ɗiya sai an yi bincike, balle a nan da ba mu san dangin kowa ba. Kuma bincike ba a shelarsa. Na ce ta hwaɗi inda kake kwana, inda kake aiki, inda kake salla. Na tura Habibou."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Binciken aure! Abin da ko wace tsohuwa a Tahoua za ta gane tun daga tambayar farko.

Alhaji ya ci gaba. Da fari, in ji shi, labari mai daɗi ya riƙa zuwa: mai kanti ya yaba, mai gadi ya yaba, an gan shi a sahu. Har ya fara shirin kiran ƴan'uwa a Maraɗi. Sai labari ya juya. Giya ranar Juma'a. Burodi da rana tsaka cikin Ramadan. Da maganar da ya faɗa da bakinsa. "Ba na yanke wa mutum hukunci bayan idonsa. Ga ka, ga wanda ya gani. Ƙarya ya yi maka?"

Illo ya ce, "Bai yi ƙarya ba, Alhaji. Amma wallahi ko ɗigo ban sha ba." Ya kwashe komai ya faɗa, da lungun kabad, da tukunyar fure, da gatsar sahur, har da mutanensa na Ingila masu zuwa coci da jiki su bar zuciya a gida. Na rantse na ba da shaida. Habibou ya sunkuyar da kai, ban sani ba ko dariya yake ɓoyewa ko kunya.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Na ji. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma ɗana, ka iya abin ƙwarai. Wanda ya iya nuna ba ya salla har ya ruɗi mai kallo, ni ta ina zan san sallar da ya nuna da fari ba ita ce ta nunawa ba? Ni ido gare ni, ba ni ganin zuciya." Ya aje kofi. "Duk da haka ɗiyar ta ce tana da magana. Ita za ta zauna da kai, ba ni ba."

Hassia ta shigo da mayafi ruwan toka, ta gaishe ni, ta durƙusa gefen babanta. Ba ta kalli kowa ba sai Illo.

Ta ce, "Baba, zancen giya ku bar shi. Ranar da Yaya Habibou ya hwaɗa na ce ba ta yiwuwa, mutumen da ko maganin tari mai barasa ba ya sha. Na ce akwai dalili, kuma yau na ji shi. Da wannan ne kawai, da na roƙe ku." Ta ɗan tsaya. "Illo, tambaya ɗaya. Da ka gan shi a masallacin nan, wa ka zata ya kai sunanka?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya buɗe masa baki ya yi ƙarya. Mutumin da ya yi wata da watanni yana yaudarar unguwa guda! Amma ita bai iya yi mata ba. Ya buɗe baki, ya rufe, ya kalli ƙasa.

Ta gyaɗa kai a hankali. "Shi ya sa ka daina ɗaukar talho." Idonta ya cika amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ni na hwaɗa, gaskiyarka. Na hwaɗa ina murna, don ina so su je su ga wanda na zaɓa. Kai kuma kana can ka ɗauka sayar da kai na yi, kuma ba ka ko tambaye ni ba. Ba zan iya kwana gida ɗaya da wanda zai riƙa kallon hannuna in na zuba masa abinci ba. Baba, na gama."

Ta tashi ta shige. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya kore mu. Alhaji ya raka mu har bakin ƙofa yana sa albarka. Muna saka takalma matarsa ta fito ta miƙa mini wata ƴar leda, ta ce dambun nama ne, Hassia ta yi shi tun jiya don baƙi, mu ci a hanya.

Illo yana nan har yau a Belleville, yana koyarwa a Sevran. Takardunsa sun fito ba tare da wata matsala ba, babu wanda ya taɓa sa masa alama. Gemun ya dawo, da furfura a ciki. Hassia ta yi aure a Lyon, na je bikin ni kaɗai.

Amma abin da ba ya barin raina shi ne komawarmu a jirgi ran nan. Mun bar tashar Part-Dieu, gonaki na wucewa, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Amma dai ban yi kuskure ba, Zouera. Bina ake yi. Kuma ita ta hwaɗa."

Ni da ban taɓa rasa abin da zan jefe shi da shi ba tun muna yawo ba takalmi, ranar na nema na rasa. Sai na kwance ledar na miƙa masa. Ya ɗibi dambun, ya ɗaga zuwa hancinsa kamar yadda ya saba tun yana goye. Hannun ya tsaya a hanya. Ya kalli abin da yake shirin yi, ya kalli ledar, sai ya kifa kansa a kan ɗan teburin jirgin ya fashe da kuka, dambun yana damƙe a hannunsa.